Ƙarar da ake ji a gida idan an ɗauke wuta da dare: wacce ce ta tsoro, wacce ce ba komai ba?

Rifkatu, Garwa:
Salamar Ubangiji gare ku duka. Ga bazara ta shigo, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, ɗauke wuta da dare ya dawo. Tambayar da ke yawan tasowa a zumuntar mata ita ce ta ƙarar da ake ji da zarar fanka ta tsaya: ƙas-ƙas a rufin kwano, wani abu a kicin kamar ana kurkurar baki, wani lokacin kamar ana tafiya a saman silin. Wasu na cewa aikin duhu ne, a tashi a yi addu'a. Wasu na cewa ɓera ne kawai, a koma barci. Muna da masu sana'a a zauren nan, muna kuma da iyayenmu cikin bangaskiya. Don Allah a rarrabe mana.

Malam Yohanna, mai aikin wuta, Garwa:
Salama, 'yar'uwa. Mu fara da abin da mutane ba sa lura da shi: yawancin ƙarar nan tana nan tun kafin a ɗauke wuta. Fanka, firiji da talabijin ne ke rufe ta. Da sun yi shiru sai kunne ya buɗe, gidan da kika sani ya zama kamar baƙon wuri.

Amma akwai ƙara huɗu da ba a yi musu jira, kuma a kansu nake so kowa ya tsaya.

Ta farko, tsss-tsss ko ƙas-ƙas daga soket ko daga allon mita, musamman a daidai lokacin da wutar ke rawa kafin ta tafi, ko da ta dawo. Wannan tartsatsi ne. Kusoshin da ke riƙe waya sun saki, wuta tana tsallaka 'yar tazarar da ke tsakani, wurin yana zafi har robar ta fara narkewa. Warinsa kamar na robar da aka ƙona, wani lokacin kamar ƙarnin kifi. A sauke disjonkta, wato makunnin da ke yanke wutar gida, nan take, a taɓa murfin soket ɗin da bayan hannu, in da ɗumi kada a sake amfani da shi sai an canza.

Ta biyu, wani ƙwan fitila ya yi haske fiye da ƙima har ya fashe, wani kuma ya dushe ja-ja, fanka tana gudu kamar za ta tashi sama. Wannan alamar wayar nutur ce, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan layi. Gidajenmu volt 220 suke karɓa, amma in nutur ta rabu, wutar da ke shiga wani gida tana iya haurawa ta doshi 380. Cikin minti ɗaya sai ta cinye talabijin da caja da injin firiji. Ba a tsayawa cire kaya ɗaya bayan ɗaya, babban disjonkta ake saukewa, sannan a sanar da maƙwabta da kamfanin wuta.

Ta uku, ƙarar fashewa daga titi kamar harbin bindiga, unguwa ta yi duhu gaba ɗaya. Galibi fis ɗin taransifoma ne, ko wayoyi biyu da iska ta haɗa. Kada kowa ya fita dubawa ba tocila. Wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauke ta a matsayin mai rai ko da unguwa na duhu, a ba ta tazarar mita 10, a hana yara da dabbobi zuwa wurin.

Ta huɗu, huci daga tukunyar gas. Zan bar wa Mama Saratu wannan.

Dauda mai firiji, Gidar:
Ƙarar kurkurar bakin da Anti Rifkatu ta ambata tawa ce, in amsa. Gas ɗin sanyi ne ke zagayawa a bututu. Lokacin da injin ke aiki, gefe ɗaya matsin yana da yawa, ɗaya gefen kaɗan. Da ya tsaya sai su fara daidaita kansu, shi ne ake jin ƙulu-ƙulu na 'yan mintoci. Bayan haka kuma ƙanƙarar da ta manne a bango takan fara tsagewa, tas, tas. Duk ba matsala.

Wadda ke da matsala ita ce idan wuta ta dawo: injin ya yi gurnani na daƙiƙa kaɗan, a ji ƙyat, ya yi shiru, bayan minti ɗaya ko biyu ya sake. Ma'anarsa yana ƙoƙarin tashi ya kasa, ɗan abin da ke kare shi daga zafi yana yanke shi. Dalili biyu ne. Ko wutar ta dawo da wuri matsin bai gama sauka ba, ko kuma ta dawo da rauni, ƙasa da 190, domin unguwa duka ta kunna kaya lokaci guda. In aka bar shi yana ta wannan kokawa, wayar cikinsa ce ke ƙonewa, kuma sauya inji ya fi komai tsada a gyaran firiji.

Abin yi: da an ɗauke wuta a zare filogin firiji. Da ta dawo a jira minti 5 zuwa 10, a ga ƙwai ya tsaya da haskensa, sannan a mayar. Wanda ba ya son tashi cikin dare ya sayi ɗan akwatin kariya mai jinkiri da ake sawa tsakanin soket da filogi, ko regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai maɓallin jinkiri. A duba ƙarfin regilatar ya ninka abin da firijin ke ci sau uku aƙalla, domin a lokacin tashi inji yana jan wuta ninki-ninki.

Kuma a daina buɗe ƙofa ana leƙawa. Firiji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike da kaya tana iya kai kwana biyu, rabi kuma kwana ɗaya. A zafin Afrilu na ƙasarmu a rage daga wannan lissafi.

Ayuba kafinta, Marwa:
Na rufi kuma, kwano ne ke miƙewa da rana yana tsukewa da dare. Ana yini rana tana dukansa har ba ya taɓuwa, da dare ya huce. Kwanon alminiyom da muka fi amfani da shi a Kamaru ya fi na ƙarfe motsi kusan ninki biyu. Falle mai tsawon mita 3 yana iya tsukewa kusan milimita 3 tsakanin tsakar rana da asuba. Ga ido ba komai ba ne, amma ƙusa ta riƙe shi, sai ya riƙa zamewa da ƙarfi kaɗan-kaɗan, kowace zamewa ƙas ɗaya. Katakon da ke ƙasa ma yana amsawa.

Yadda za a gane: ƙarar kwano ba ta tafiya, wuri ɗaya take ko ta yi tsalle nan da can ba tsari, kuma ta fi yawa daga magariba zuwa sha ɗaya na dare. Ɓera gudu yake yi a bakin bango, ya tsaya, ya yi gwaguya. Kyanwa takunta a hankali, mai nauyi. Jemage da magariba da asuba yake motsi, kuma za a ga kashinsa a ƙasan inda yake shiga. In kuwa ana jin wani ɗan ƙis-ƙis mai laushi a cikin katako, a ƙwanƙwasa da safe, in ya yi sautin kogo gara ce, a nemo mai duba rufin kafin iskar farkon damina.

Dattijo Bulus, Ngaundere:
Na gode wa 'ya'yana masu sana'a, bayani ya fito. Amma kada mu zarce har mu ce babu komai a duhu sai ɓera da kwano. Manzo Bulus ya gaya wa Afisawa a sura 6 cewa kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Ina tsoron mu tarbiyyantar da yaran da in sun ji motsi da dare tocila kawai suke nema, sunan Yesu bai zo bakinsu ba. A ganina addu'a ce farko, sauran su biyo baya.

Malam Yohanna:
Baba, da girmamawa, ban musa muku ba. Sai dai in soket yana tartsatsi kusa da labule, hannu ya tafi disjonkta baki yana kiran sunan Ubangiji. Ba sai an gama ɗaya a fara ɗaya ba. Minti biyun da za a durƙusa a gefen gado sun isa labule ya kama.

Baba Fasto Iliya, Garwa:
Salama gare ku. Dattijo da Malam Yohanna, ku biyun kuna cikin aya ɗaya, Nehemiya 4:9. Da maƙiya suka yi shirin auka wa masu ginin garun Urushalima, Nehemiya ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Abin da ya fi damuna a wannan magana shi ne saurin sa wa ƙara suna. A Markus sura 6, almajirai suna cikin jirgi da dare, iska na gāba da su, suka ga wani yana tafiya a kan ruwa, suka yi ihu suna cewa fatalwa ce. Ashe Ubangijinsu ne ya zo taimakonsu. Mutanen da suka yini tare da shi, tsoro da duhu suka sa suka kira shi fatalwa. In su sun yi kuskure haka, mu ma muna iya yi. Kuma kuskuren namu ba ya tsayawa a ɗaki. Da an ce ƙarar nan ba ta banza ba ce, tambaya ta gaba ita ce wa ya turo. Daga nan sai ido ya koma kan tsohuwar da ke maƙwabtaka, ko kishiyar uwa, ko yarinyar riƙo. An ɓata sunan mutum, an raba zumunci, a kan kwanon da ke hucewa. Wannan shaidar zur ce, kuma doka ta tara ta hana mu.

Ban ce babu Mugun ba, Dattijo, Littafi ya faɗa kuma mun gaskata. Amma aikinsa da na fi gani a gidajen masu bi shi ne tsoron da ke hana barci da zargin da ke biyo baya. Zabura 91 ba ta yi mana alkawarin dare marar ƙara ba, ta ce ba za mu ji tsoron razanar dare ba. Zabura 139 kuma ta ce duhu ba duhu ba ne a wurinsa, dare da rana ɗaya suke. Wanda ya riƙe wannan shi ne zai iya tashi a natse, ya ɗauki tocila, ya je ya ga mene ne.

Dattijo Bulus:
Na karɓa, Fasto, musamman maganar zargi. Abin da nake roƙo kawai, iyaye su koya wa yara aya ɗaya ta dare tun suna ƙanana. Zabura 4:8 gajeriya ce, yaro ɗan shekara biyar zai haddace ta. A riƙa faɗinta da babbar murya idan wuta ta tafi, kafin a kunna komai, yaro ya ji muryar uwarsa ba rawa a cikinta.

Mama Saratu, ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Amin, Baba. Bari in ɗauki na gas da Malam Yohanna ya bar mini, in ƙara da abin da ke kawo mutane asibiti a irin waɗannan darare.

Gas: in an ji huci ko wari, ba ashana, ba kyandir, ba taɓa makunnin wuta ko da an ɗauke, domin tana iya dawowa a daidai lokacin. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa mai barci a tabarma da ƙaramin yaro suka fi shiga haɗari, kuma buɗe taga ta sama kaɗai ba ta isa ba. Da safe a shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Tiyon gas yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, a karanta.

Sai wata ƙara da mutane ke ɗauka ta wuta ce ko ta gas: shhh-shhh daga ƙasa, kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Kububuwa ce ke yin haka, tana naɗe jiki tana goga ɓawonta da juna. Ƙarama ce, ba ta cika wuce tsawon hannu ba, launinta na ƙasa, da dare take yawo, kuma ita ce ta fi saran mutane a yankinmu na savana. Da zafi ya kori mutane zuwa tsakar gida su kwana, sai a haɗu. In aka ji wannan, a tsaya cak, a haska ƙasa, a ja da baya. Kada a taka ƙasa a duhu ba takalmi, a kakkaɓe takalmin ma saboda kunama. In ta yi sara: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai iya zama kamar lafiya lau a ranar farko alhali jini na zuba a ciki. A yi masa addu'a a hanya, kada a kai shi gidan addu'a a kwana.

Na uku shi ne wanda ba ya ƙara sam: hayaƙin janareta. Iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Saboda tsoron ɓarayi sai a shigar da grup, wato janaretar, cikin zaure ko baranda a rufe ƙofa. Alamun farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kuma mutanen gida duka lokaci guda. Mai barci ba ya jin ko ɗaya. A ajiye grup ɗin a fili, mita 6 daga kowace taga, bakin hayaƙi yana kallon waje, a ɗaure da sarƙa in ana tsoron sata. Haka ma gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, shi ma yana kisa.

Rifkatu:
Mama, akwai masu cewa suna farkawa a irin wannan dare su ji an danne su, ba sa iya motsi ko kiran sunan Yesu, har suna jin taku a ɗaki. Wannan fa?

Mama Saratu:
Dannau ke nan, 'yata. Lokacin mafarki jiki yana kulle gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokacin hankali ya riga jiki farkawa, sai ido a buɗe, jiki a kulle, ragowar mafarkin kuma yana shigowa ɗaki a matsayin taku ko inuwa. Daƙiƙoƙi ne zuwa minti ɗaya ko biyu. Ya fi samun wanda barcinsa ke yankewa, kamar daren da fanka ta mutu zafi ya taso, da mai kwanciya rigingine. A gwada motsa ɗan yatsa, a ja numfashi a hankali, a yi addu'ar a zuci, Allah yana jin ta. Kasa furta sunan ba alamar raunin bangaskiya ba ce, harshe ma gaɓa ce da ta kulle. In yana yawan dawowa a ga likita.

Ayuba kafinta:
In ƙara da mujiya, tun da ita ake fi dangantawa da mugun abu. Farar mujiya tana son yin sheƙa a cikin rufi da hasumiyar majami'a. 'Ya'yanta in suna neman abinci huci suke yi kamar munsharin mutum, tsawon dare. Ɓeraye take ci, tana yi wa rumbu aiki. In ba a son ta, a jira 'ya'yan su tashi sannan a toshe ramin da ragar waya.

Haruna, Kuseri:
Malam Yohanna, mu masu sola da batir a ɗaki fa? Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, tana ƙara ɗit-ɗit da tsakar dare, batir kuma wani lokacin kamar yana tafasa.

Malam Yohanna:
Ɗit-ɗit gargaɗi ne, ko batir ya yi ƙasa ko kaya sun yi mata yawa. Batir mai volt 12 in ya sauka wajen 11 inbata za ta fara kuka, a rage kaya, kada a riƙa kashewa ana kunnawa don a matse sauran. Batirin ruwa da ake shanyewa ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Tafasa kaɗan a ƙarshen caji daidai ne ga batirin ruwa, amma iskar da yake fitarwa tana kama wuta, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana a rufe, ba a kuma haska shi da ashana. In ya kumbura, ko ya yi zafi, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a raba shi da caji. Ruwan batir da aka tace kawai ake ƙara masa, ba na rijiya ba.

Ga kuma abin da nake roƙon kowa da sunan Allah. Kada a haɗa grup ko inbata da gida ta hanyar cusa waya a soket. Wutar tana komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara da tabbacin layin a mace yake. A sa makunnin sauya layi, wanda in ya buɗe wa grup ya rufe wa kamfani.

Tsarin da nake ba mutane idan wuta ta tafi da dare: tocila a wuri ɗaya da kowa ya sani, kusa da gado. A leƙa waje, in maƙwabta na da wuta matsalar ta gida ce, a duba kuɗin mita da disjonkta. In disjonkta ya faɗi, a zare duk kaya, a ɗaga sau ɗaya. In ya sake faɗuwa ba komai a jone, a bar shi har safe, kada a ɗaure shi ko a tokare. In na unguwa ne, a zare firiji, talabijin, dutsen guga da abin dafa ruwa, a bar ƙwai ɗaya a kunne don a san ta dawo. Dutsen guga da rishon lantarki da aka manta a jone su ne ke tayar da gobara da asuba, wuta ta dawo kowa na barci. Wutar lantarki in ta kama ba a zuba mata ruwa sai an yanke layi, a yi amfani da yashi ko abin kashe gobara mai hoda, a kira 'yan kwana-kwana a 118.

Baba Fasto Iliya:
Dattawan ikilisiya su lura da gwauraye da tsofaffin da ke kwana su kaɗai. Wanda ba shi da mai tashi ya duba masa, tsoronsa ninki biyu ne. Matasa su raba unguwa, kowa ya san gidan da zai ƙwanƙwasa idan dare ya yi tsawo ba wuta. Malam Yohanna, za a iya samun rana bayan sujada ka nuna wa mata inda disjonkta yake da yadda ake sauke shi?

Malam Yohanna:
Za a iya, Baba Fasto. Kowa ya ɗauko hoton allon mitarsa a waya ya zo da shi, domin ba duka iri ɗaya ba ne. Zan kuma nuna bambancin babban disjonkta na kamfani da ƙaramin nan mai rubutun 30 mA, wanda shi ne ke kare mutum idan wuta ta ja shi. Gidaje da yawa ba su da shi. Masu shi kuma su danna maɓallin gwajin da ke jikinsa sau ɗaya a wata, in bai faɗi ba ya lalace, a canza.

Rifkatu:
Allah ya saka. Zan kai wa zumunta ranar Alhamis. Dauda, akwatin jinkirin nan, ɗaya zai ɗauki firiji da firiza tare?

Dauda mai firiji:
A'a, Anti, kowanne da nasa, kuma kai tsaye a soket na bango, ba a kan doguwar waya mai baki da yawa ba. In suka tashi tare a kan siririyar waya ita ce za ta fara zafi.